Ratar da Ba Ta Kowa Ba

Yahya ɗan fari ne, kuma a ƙauyensu, can gefen garin Hajj Abdalla a yankin Jazira, inda tur'ar ban ruwa take karya kwana ta bi ta cikin gonakin auduga, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba kuwa ko inda yake ba ya duba. Kakanni ne suka ɗauko al'adar a ka tun daga yamma, tare da tukwane da niyyar aikin hajji. Hajjin bai yiwu ga da yawansu ba, tukwanen sun farfashe, amma kunya ta iso lafiya lau. Saboda haka ana yaye Yahya aka miƙa shi ga wan mahaifinsa, Abdussalami. Ba wata tafiya ba ce mai nisa, don gidajen biyu suna jin tarin juna.

Mahaifin nasa, Usta Jibo, magini ne. Rabin ɗakunan ƙauyen hannunsa ne, ginin laka sahu bisa sahu. Mutum ne marar yawan magana, kuma doka ɗaya gare shi wadda ba wanda ya isa ya sa shi karyawa: bangon wani ba ya taɓa bangon wani. Idan zai yi gini kusa da maƙwabci, sai ya buɗe tafinsa ya auna taƙi ɗaya, ya bar wurin fayau, sannan ya kafa tushe. Yana da hujja. Baƙar ƙasar Jazira da damina kumbura take, da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, bango kuwa yana motsi tare da ita. In biyu suka jingina da juna, ranar da ɗaya ya gaji zai ja ɗan'uwansa su faɗi tare, daga nan sai shari'a. Duk wanda ya tambayi ratar ta wa ce, amsa ɗaya yake samu.

"Ba ta kowa ba ta. Ta zaman lahiya ta."

Irin wannan ratar ce tsakanin gidansa da na wansa, doguwa, mai duhu, ko kyanwa sai ta matse ciki take wucewa. Yahya ya tashi a ɗaya gefenta. Abdussalami yake kira Baba, matarsa kuma Inna. Wadda ta haife shi Umma ce, yadda ƙannensa suke cewa, mahaifinsa kuwa Usta, yadda duk gari yake cewa. Shi Jibo in ta kama dole ya ambaci ɗansa, "na gidanka" yake ce wa wansa. Magana tsakaninsu sai ta biya ta kan Abdussalami, ko da su ukun suna kan tabarma ɗaya. Shekarar da Yahya ya ci jarrabawar shiga jami'a, a tsakiyar shekarun casa'in, ga yadda aka yi taron murnar.

"Hwaɗa ma na gidanka an ji. Allah shi ƙara."

Abdussalami ya juya wuya dama. "Ya ce an ji. Allah shi ƙara."

"Amin. Baba, ka ce ma Usta na gode."

Abdussalami ya juya wuya hagu. Ya sha faɗa a majalisa cewa ciwon wuyan da yake fama da shi ba noma ne ya jawo masa ba.

Kada a ce Jibo ba ya son ɗansa. Duk ƙauye an san dalilin da ya sa ɗakin Yahya bai taɓa yoyo ba alhali na Abdussalami kansa yana yi. Yahya ma ya sani, duk da haka abin yana yi masa ciwo. Ya ji Usta yana ƙwala wa Mahadi, ƙanen Yahya, kira har ƙetaren tur'a, ya ji yana kiran 'yan matan gidan, ya ji jakinsa ma da suna yake kiransa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don a garinsu wanda ya yi kukan wannan dariya za a yi masa.

Ya karanta kimiyyar fiziya a Madani, ya koyar a wata sakandare a Hasahisa har alli ya fara cin yatsunsa, sannan ya ƙaro karatu a kan hasken da ake gasa ciwon daji da shi, wanda a can ake kira ashi'a. A ƙauye aka sa masa Daktor, aka riƙa kawo masa rediyoyin da suka mutu. Mutum ne mai sanyi, kuma duk inda ya shiga da ratarsa yake shiga. In ya hau layin burodi sai ya bar wuri tsakaninsa da na gaba, mutane su yi ta shiga suna yi masa godiya. Matarsa Tasneem ta ce ko kofunan shayi ya jera a tire, ba ka samun biyu da suka taɓa juna.

Wajen shekarar dubu biyu da goma sha ɗaya ya sami aiki a wani sabon asibiti a gefen Madani. An kawo injin ashi'a, an gina masa ɗakin kankare mai kaurin da mutum zai kwanta a kai ya miƙe ƙafa, da wani lungu mai lanƙwasa da ake bi kafin a isa ƙofa, don haske ya gaji a hanya. Sai dai mai kwangila ya ga lungun ya yi tsawo a idonsa, ya rage shi. Masu ba da izini suka zo daga Khartum, suka ce ba za a kunna injin ba sai an nuna musu da lissafin kwamfuta yawan hasken da zai iso ƙofa, inda ma'aikata suke tsayawa. Suna da gaskiya, abin haushin ke nan. Injin ya zauna lulluɓe da tamfol, lissafi ya faɗo kan Yahya.

A cikin watannin nan ne Usta Jibo ya fara sauka daga kan gini yana dafe mara. Ya ɓoye iya ɓoyewa, har ranar da ya kasa ɗaga kwanon laka. Likita a Madani ya duba, ya ja Yahya gefe ya faɗi sunan ciwon, ya ce ashi'a yake buƙata, kuma kada a bari kaka ta wuce. Inda ake yi a kusa, layi ya kai baɗi. Saura Khartum, ko kuma ɗakin da ke jiran lissafi. Aka shimfiɗa tabarma a rumfar Abdussalami.

"Baba, ka ce ma Usta mu tahi Khartum. Akwai abokina can, za shi ba mu wurin sauka."

Jibo ya dubi ƙafarsa. "Tambaye shi, ɗaki nawa?"

"Guda, Baba."

"To wa za shi kama ni in zan zagaya?"

Amsar tana zaune a kan tabarmar. Mahadi yana Jidda, 'yan matan suna gidajen aure da goyo, Abdussalami kuwa gwiwoyinsa ko masallaci da rarrashi suke kai shi.

"Hwaɗa mai ina jiran na Madani," in ji Jibo. "In tahi da sahe, in komo in kwana ɗakina. Khalas, shi ke nan."

Mutum zai iya kiran wannan taurin kai, kuma bai yi ƙarya ba. Amma Jibo ya gwammace ciwon ya cinye shi da ɗan farinsa ya ga tsiraicinsa, kuma Yahya ya san ba wasa yake ba. Ya koma Madani da tsoro fal cikinsa, don ran mahaifinsa yanzu yana rataye ne a kan lissafin da ko farawa bai yi ba.

Manhajar da ake lissafin da ita ba ta da wuyar fahimta, wuyar sha'ani gare ta. Za ka gina mata ɗakin a cikin kwamfuta da lambobi: ka ja iyaka nan, ka ja can, kowace da lambarta, sannan ka ce wannan yankin kankare ne, wannan iska, wancan ƙarfen ƙofa. In ka gama sai ta riƙa sakin ƙwayoyin haske daga bakin injin, ɗaya bayan ɗaya, miliyoyi, tana bin kowace a baya kamar mai kiwo. Wannan ta bugi bango ta mutu a ciki, waccan ta yi tsalle ta shiga lungu ta kai ƙofa. A ƙarshe ta ƙirga waɗanda suka fita. Duk lokacin da ƙwaya ta ƙetare iyaka, manhajar tana tambaya yanzu a yankin wa take. In ta rasa tsayayyiyar amsa, sai ta rubuta cewa ƙwaya ta ɓata. In goma suka ɓata, ta ajiye aiki.

Shugabarsa, Daktora Ibtisam, ita ta san manhajar, don a waje ta koyo ta. Sai dai cikinta ya tsufa. Ranar da za ta tafi Sinnar haihuwa gidan iyayenta, ta tsaya bakin ofis riƙe da jaka ta yi masa wasiyya da Larabci.

"Ya Yahya, abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Kada ka yarda yanki biyu su hau kan juna, ko da kaurin gashi ne. A nan ƙwayoyi suke ɓacewa."

Yahya ya kusa yin murmushi. A duk nasihohin da aka taɓa yi masa, wannan ce kaɗai aka haife shi a cikinta. Ya zauna ya gina ɗakin tsaf. Duk inda kankare ya haɗu da iska, sai ya ja iyaka biyu, ɗaya ta kankare, ɗaya ta iska, ya bar kaurin gashi a tsakani. Haka tsakanin bango da rufi, haka tsakanin ƙofa da madogararta. Bai ma tsaya tunani a kai ba, yadda mutum ba ya tunanin cire takalmi a ƙofar masallaci.

Ya danna maɓalli. Kafin shayinsa ya huce goma sun ɓata, manhaja ta ajiye aiki. Ta bar masa saƙo da Turanci, gajere, irin na ma'aikacin da lokacin tashinsa ya yi: ƙwaya ta ɓata, ga inda aka yi mata ganin ƙarshe. Ya duba wurin, jikin bango ne. Ta biyu ma jikin bango. Ya ce lallai har yanzu akwai inda suke gogar juna, ya ƙara ratar ta kai kaurin takarda. Suka ɓata da wuri fiye da da. Ya mai da ita kaurin farce. Yanzu kafin ya ɗauke yatsa daga maɓallin an gama ɓatan.

Manhajar tana iya zana ɗakin a fuskar kwamfuta, a yanka shi ta kowane gefe a leƙa ciki. Ya zana. Ga bango, ga lungu, ga ƙofa, komai a wurinsa, an zagaye kowanne da jan layi ɗigo-ɗigo. Ya ga abin ya yi kyau. Bai taɓa ganin zanen wani ba, saboda haka ya ɗauka haka manhajar take jan layinta.

Daga nan zargi ya koma kan kowa. Ya zargi kwamfutar, ya kai ta kasuwa aka wanke ta. Ya zargi zafi, ya ɗora ta kan bulo ya sa mata fanka, shi yana gumi. Ya goge lambobin duka ya sake bugawa daga farko, a hankali, da ratarsu. Ya aika tambaya a wani dandalin intanet na masu wannan sana'a, wani bawan Allah daga wata ƙasa mai sanyi ya amsa masa cewa ya duba zanen ɗakinsa da kyau. Da abin ya ishe shi, ya cire kunya ya buga wa mai jego waya.

"Ka duba hawan juna?" in ji Daktora Ibtisam, jariri yana tsala kuka a kunnenta.

"Na duba, Daktora. Wallahi babu abin da yake taɓa wani."

"To madalla. Ci gaba da nema, yana nan wani wuri." Kukan ya ƙaru, ta kashe waya.

Damina ta ja baya, dawa ta fid da kai. Duk Juma'a Yahya yana shiga motar Hajj Abdalla ya je gida, duk Juma'a ya tarar Usta ya ragu. Jallabiyarsa ta yi masa yawa. Ya daina zuwa duba gini, sai dai a kawo masa labari yana kwance a gadon igiya, ya ce a ƙara ƙaiƙayi a lakar. Bai taɓa tambayar injin ba. Abdussalami ne yake jan Yahya gefe.

"Ɗana, ɗakin naku dai?"

"Muna bisa, Baba. Kwamfuta ta ƙiya."

"Ka lallashe ta. Ƙanena ba shi cin abinci."

Yahya ma ya daina cin nasa. Tasneem tana ajiye masa kisra, wainar dawa, ta ɗauke ta yadda ta ajiye.

Wata Juma'a da hantsi, yana zaune yana kallon ƙasa, magana ta tashi a kan ɗan tsako. Kazar Umma ta fito da 'ya'yanta, ɗaya babu, ana kuma jin kukansa. Umma ta ɗaga murya ta kan katanga.

"Ku duba man, ya shigo wurinku."

"Ba shi nan," in ji Inna. "Na share ko'ina. Wajenku shi ke."

"Nan ma ba shi nan."

Duk su biyun gaskiya suka faɗa, kuma kowa ya san abin da hakan yake nufi. Akwai wani dogon ƙarfe mai lanƙwasa a kai da ake ajiyewa bayan randa don irin wannan rana, kuma tun can aikin Yahya ne, tunda shi ne na gida biyu. Ya naɗe farar jallabiyarsa, ya fita ya kwanta a bakin ratar, kunci a ƙasa, ya zura ƙarfen. Ya jawo takalmin roba ƙafa ɗaya. Ya jawo murfin buta, da wani tsohon ludayi da aka taɓa zargin wata baƙuwa da shi. Duk abin da ya taɓa ɓata a gidajen nan biyu, nan yake zuwa. Can ciki ga ɗan tsakon a tsaye, ba ya gidan Jibo, ba ya gidan Abdussalami, yana ta kuka.

Yahya ya daina motsi. Ya daɗe a haka har Inna ta leƙo ta tambaya ko kunama ce.

Ba kunama ba ce. Daktora ta gaya masa abin da ke faruwa idan yanki biyu suka ce ƙwaya tasu ce. Ba ta gaya masa abin da ke faruwa idan babu wanda ya ce tasa ce ba, don bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai mai hankalin da zai bar wuri haka nan da gangan ba. Shi kuwa ya bi ɗakin kaf, kusurwa kusurwa, ya haƙa wa ƙwayoyinsa ramin da ba na kowa ba, kuma duk lokacin da suka faɗa sai ya ƙara masa faɗi. Kunya ta kama shi, da haushin kansa, da wani irin farin ciki. Ya jawo tsakon ya miƙa wa Inna ta miƙa wa Umma, ya kaɗe jikinsa ya nufi bakin titi. Sallar Juma'a ma a hanya ya yi ta.

"Na gidanka ya tahi bai ci ba," in ji Jibo daga kan gado.

"Na gani," in ji Abdussalami.

"Halan kwamfutar ta sauko."

Gyaran ba shi da wuya. Duk inda ya ja iyaka biyu zai goge ɗaya ya bar guda, kankare ya riƙe ta ta wannan gefe, iska ta riƙe ta ta wancan. Hannunsa ne ya riƙa nauyi. Ya san daidai yake yi, amma duk wadda ya goge sai ya ji kamar ya je ya zauna a gadon Usta, kafaɗa da kafaɗa. Ya cije ya gama. Da ya sake zana ɗakin, jan layin nan ɗigo-ɗigo ya ɓace, ko'ina baƙin layi ne miƙaƙƙe. Ya ce shi ke nan ya lalata ta gaba ɗaya, ya sake kiran Sinnar.

"Da can wane launi ne?" in ji Daktora.

"Ja, ɗigo-ɗigo."

"A ina?"

"Ko'ina."

Sai Daktora ta fashe da dariya har ta tashi jaririn. Ta ce jan layi shi ne yadda manhajar take ihu tana nuna inda kuskure yake, wata da watanni tana yi masa ihu shi yana yaba kyan zanenta. Da ta nutsu ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya Yahya. Rabin magana na gaya maka." Ta ce kafin ya yarda da komai ya kwashe kankare da ƙarfe daga lissafin, ya bar iyakokin kawai, ya yi wa ɗakin ambaliyar ƙwayoyi ta kowace fuska, ya ga ko da sauran rami.

Akwai saura ɗaya a ƙarƙashin ƙofa, ya toshe. Bayan nan miliyoyi suka shiga suka fita, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Ya mai da kankaren ya saki lissafin gaske, kwamfuta tana gurnani a kan bulonta. Amsar da ta fito ba mai daɗi ba ce: hasken da ke isa ƙofa ya wuce ƙima. Yahya bai rage ko ɗigo ba, ko da yake ya san wanda yake jira. Aka nemo fallen dalma aka lulluɓe ƙofar, ya sake lissafi, abin ya sauko. Mutanen Khartum suka dawo da na'urarsu, aka kunna injin, suka zagaya suna aunawa, suka sami kusan abin da ya ce. Suka karya kumallo, suka sa hannu. Ana yankan dawa a lokacin.

Usta Jibo ya zo da safe, Abdussalami yana riƙe da shi, ko kuma shi yana riƙe da Abdussalami, ba a iya bambancewa. Yahya ya riga ya roƙi Mazin, ma'aikacin da ke kwantar da marasa lafiya a kan injin, cewa duk abin da ya shafi taɓa jiki da cire tufa shi zai yi. A bakin lungu Jibo ya tsaya ya ƙwanƙwasa kankaren da bayan yatsa, ya bi kusurwa da ido inda bango ya haɗu da bango ba ko tsaga, ya ɗan taɓe baki. Abdussalami ya ɗaga ƙafa zai bi shi, Mazin ya tare shi, ya ce ciki mutum ɗaya ne.

Mazin ya gyara shi ya fito, ƙofar dalma ta rufe da nauyinta. A teburin waje akwai ƙaramar talabijin da ke nuna wanda ke ciki, da lasifika. Yahya ya kau da kai daga talabijin ɗin. Mazin ya danna maɓalli ya ce da Larabci, "Ya Hajj, kada ka motsa. In kana son wani abu yi magana, muna jinka." Ya kai hannu kan makulli.

Lasifikar ta yi ƙara. Sai murya ta fito, ƙasa-ƙasa, ta tsohon da ya waiga bai ga wansa ba.

"Yahya."

Yahya ya juya ya dubi Abdussalami, yadda ya saba. Abdussalami ya gyara zama a kan benci ya dubi sama.

"Ba ni anka kira ba."

"Yahya, kana nan?"

Mazin ya nuna masa maɓallin da haɓa. Duk tsawon rayuwarsa yana jiran wannan kira, bai taɓa tanadar amsa ba. Yatsansa ya kuskure maɓallin kafin ya same shi.

"Na'am, Baba. Ina nan."

Abdussalami ya ji an ba wani sunansa, bai ce a dawo masa da shi ba.

"To," in ji lasifika. "Kada ka tahi."

"Ba ni tahiya."

Mazin ya murɗa makulli, injin ya yi aikinsa. Da aka buɗe ƙofa Jibo ya fito yana gyara hula, ya wuce ɗansa kamar ya wuce turke, ya ce wa wansa, "Hwaɗa ma na gidanka bangon ya yi kauri. Ba laihi." Abdussalami ya juya wuya ya isar.

Haka aka yi ta yi har makonnin gashin suka ƙare. Ƙofa na rufewa sai a kira suna, a amsa. Wata rana a ƙara da tambayar lafiyar Tasneem, wata rana a ce ɗakin da sanyi. Ƙofa na buɗewa kowa ya koma wurinsa. Yahya bai nemi ƙari ba, yana dai zuwa aiki da wuri ya goge lasifikar da hannun rigarsa.

Ranar ƙarshe, da injin ya mai da haskensa ciki, fitila ta koma kore, Mazin ya miƙe zai buɗe ƙofa. Lasifika ta riga shi.

"Yahya, an gama ke nan?"

"An gama, Baba."

"Ba a ƙara ko guda?"

"Ba a ƙarawa. In ya wuce ƙima cuta za shi yi."

"To."

Mazin ya dubi Yahya, ya dubi ƙofa, sannan ya tuna yana son shayi, ya kuma tuna Abdussalami ma bai sha ba, ya kama hannun tsohon suka fita wurin mai shayin bakin asibiti. Abin da aka faɗa ta lasifikar bayan nan ba wanda ya ji, Yahya kuma bai taɓa faɗa ba. Jibo ya ƙara damina biyu a duniya, har ya koma zama bakin gini yana auna taƙi da tafinsa, kuma bai sake kiran sunan ba. Mazin dai ya ce ranar sun sha shayi, sun ƙara, sun dawo, suka tarar ƙofar tana rufe, Yahya ya ja kujera kusa da tebur, yatsansa a kan maɓalli.